Awon Kara Da Motar Marayu

Yau dai ba labarin soyayya na zo da shi ba, saboda haka masu jiran su ji yadda za ta kaya tsakanin amarya da uwargida sai su yi mani haƙuri, zancen ƙarfe da baƙin mai zan yi. Ina kuma roƙon mata 'yan uwana kada su ce wannan ba namu ba ne su wuce, domin da yawanmu tuwon da muke tuƙawa daga bayan mota yake fitowa.

Mu marubuta mun iya mota, amma daga sama. Mun san yadda za mu sa jarumi ya danno hancin tsaleliyar motarsa cikin gida, maigadi ya wangale masa ƙofa jiki na rawa, mu faɗi launinta da sanyin cikinta da ƙamshin turarenta. Motar da ke ɗauke da rayuwar talaka a wannan yanki namu kuwa ba ta shiga littafi, balle a yi zancen abin da ke ƙarƙashinta. Ina nufin a-kori-kura, mai ɗaukar masara da dawa da waken suya da taki da itace, wani lokaci har da mutane a saman buhunan.

Duk wanda ya tashi a Gusau ya san garin hada-hadar amfanin gona ne. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta garinmu ya ƙare a Ƙaura Namoda a 1929, shi ya jawo masu sayen gyaɗa da auduga, ya kuma jawo baƙi daga Kudu da sauran wurare suka zauna a Sabon Gari. Da jirgi ya ja baya sai kaya suka koma kan titi. Muna yara a-kori-kurar da muka sani ita ce Peugeot 404 da ƙanwarta 504, waɗanda muke kira Fijo, tunda a nan Kaduna ma an fara harhaɗa motocin kamfanin a 1975. Daga baya Hilux ta kamfanin Toyota ta mamaye tashoshi, musamman bayan an ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996 hidima ta ƙaru. In ka bi hanyar Funtuwa za ka wuce Kwatarkwashi da dutsenta ka isa Tsafe, in ka bi ta Sakkwato kuma Bunguɗu za ka fara tararwa kafin Maru da Talatar Mafara. A kan waɗannan hanyoyi biyu motarmu take neman abincin gidanmu.

Tsohuwar Hilux ce ƙirar shekarun 1990, maigidana Allah ya ji ƙansa ya bar mana ita tare da yara huɗu. Da aka zo rabon gado sai dangi suka ga in an sayar da ita kuɗin ba zai yi auki ba, gara a bar ta tana aiki ana ciyar da yaran ana biyan kuɗin makaranta. Aka damƙa makullin a hannun ƙanena da muke ciki ɗaya, ni kuma aka bar mani lissafi. Yaro ne mai amana, ba ya shan komai, bai taɓa kawo mani kuɗi da giɓi ba. Abu ɗaya ne da shi, ba ya son a fi shi a tasha.

Shekarun nan kowa ya san yadda suka zo mana. A shekarar 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako a jihar nan saboda 'yan bindiga, aka katse layukan waya, motar ta yi makonni tana kwana a ƙofar gida ƙura na hawa kanta. Da muka fara farfaɗowa sai ga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin fetur ya kusa ninkawa uku a cikin 'yan kwanaki. Direbobi suka rasa yadda za su yi, sai suka koma ƙara lodi, tunda man da zai kai buhu 10 Tsafe ba shi da nisa da wanda zai kai buhu 18.

Da kakar wannan shekara ta 2023 na fara lura motar ta sauya zama. Ko babu komai a bayanta sai ka ga gindinta ya sauka, ta kuma ɗan karkata dama kamar mace mai goyo a kwiɓi. Ran nan da dare ƙanena ya shigo ya zauna bakin tabarma, ya daɗe yana juya makulli a hannu, sannan ya ce, "Yaya, sifirin motar nan ya gaji. Ni a ganina tunda za a taɓa shi, a ƙara mana falle uku-uku a kowane gefe, a sa dogon shakul bayan ya tashi. Kowa a tasha ya yi haka, mu kaɗai muke yawo da buhu 12 kamar masu kai lefe."

Na ce masa kuɗin na marayu ne, ba zan fitar da shi a kan abin da ban gani da idona ba, saboda haka gobe tare za mu je wurin Baba.

Baba tsohon makaniken maigidana ne, garejinsa na cikin Sabon Gari a wani lungu da ke kusa da shagunan masu sayar da kayan gyaran mota. Ya haura shekara sittin, tun zamanin Fijo yake ƙarƙashin mota, kuma 'yata yake ɗaukata. Da ya gan ni ya sa yaro ya goge benci ya shimfiɗa kwali, muka gaisa ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena ya fara jero abin da yake so, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Dakata yaro. Ba a yi ma mara lahiya allura sai an duba shi."

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai taɓa sifana ba. Ya sa aka kwashe duk tarkacen da ke bayan motar, aka kai ta wurin mai faci aka daidaita iskar tayoyi huɗun, sannan aka tsayar da ita a kan wani daɓen siminti mai shimfiɗa. Ya ce yara su danna gabanta da bayanta su saki sau biyu uku don ta zauna zamanta na gaskiya. Sai ya ciro tef daga aljihu, ya riƙa aunawa daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi a kowace taya, yana rubutawa da alli a ƙasa. Ƙanena ya ce, "Baba ai ko da ido an ga ta sauka, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima." Baba ya ce, "Ido ya san ta sauka, bai san da nawa ba. Kuma daga tsakiyar wili aka awo, don in ka auna daga ƙasa, tayar da tac cinye za ta yi maka ƙarya."

Awon ya nuna bayan dama ya fi na hagu sauka da inci ɗaya da rabi, gaban ma ya ɗan sauka. A nan Baba ya gaya mani abin da ban taɓa sani ba, wato a-kori-kura mai lafiya in babu kaya bayanta ya kan ɗan fi gabanta tsawo, da gangan maƙera suka yi ta haka domin in an yi mata lodin ƙima ta zauna daidai. In ka ga fanko ce amma ta miƙe sak, ko bayan ya fi sauka, to sifirin ya riga ya mutu.

Ya ce in ba na ƙyamar baƙin mai in durƙusa in gani. Na tattare mayafina na durƙusa. Sifirin dai fallayen ƙarfe ne masu lanƙwasa kamar baka, an jera su babba a kan ƙarami. Babban fallen, wanda suke kira uwar sifirin, shi ke da ido a kowane baki. Idon gaba a kafe yake a jikin casis, na baya kuma yana rataye da wani ɗan ƙarfe mai lilo da ake kira shakul, domin in nauyi ya danna sifirin ya miƙe tsawonsa yana ƙaruwa, dole ya sami wurin tafiya. A tsakiya akwai ƙusa ɗaya da ta ratsa fallayen duka, ita ce santa-bol, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Sai wasu ƙusoshi lanƙwasassu guda biyu, yu-bol, da suka ɗaure sifirin da aksul. Baba ya haska tocila ya nuna mani falle na biyu a gefen dama ya tsage daidai ramin santa-bol, ya sa hannu ya juya notin yu-bol ɗin sai ga shi yana motsi. Ya ce duk fallen da ya karye a tsakiya, sakin yu-bol ne sanadi, domin wurin ramin shi ne mafi rauni, in ɗaurin ya saki sai ƙarfen ya riƙa lanƙwashewa a nan har ya gaji. Ya kuma nuna mani wata roba kamar kan taɓarya a jikin casis, wadda ke tare aksul in mota ta sauka matuƙa. Ta hagu ta cinye, ta dama babu ita sam, wurin ya yi sheƙi saboda ƙarfe na dukan ƙarfe.

Ƙanena ya ga dama ta samu, ya ce, "Ka gani ko Baba? Shi ya sa na ce a ƙara falle."

Baba ya yi murmushi ya ce, "Zo nan in gwada maka wani abu." Ya kai tocilar kan wani ɗan ƙarfe kamar kan famfo da ke maƙale a casis, bututun man birki sun shiga cikinsa sun fita, wata siririyar sanda kuma ta taso daga jikinsa ta tafi ta kama aksul. Ya ce wannan shi ne mai raba birki. In kaya sun danna bayan mota ta sauka, sandar takan motsa shi ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki. In babu kaya bayan ya tashi, sai ya rage, don kada tayoyin baya su ƙulle motar ta juya da mutum. Sababbin motoci na'ura ce ke yin wannan rabon, amma tsofaffi irin tamu da tsawon zaman motar kawai suke gane nauyin da ke kanta.

Sai ya dubi ƙanena ya ce, "To ka ƙara falle ukku, ka sa dogon shakul, ka loda buhu goma sha takwas, baya bai sauka ba. Kai ka ji daɗi, 'yan tasha sun yaba. Amma wanga abu mi za ya ce? Za ya ce motag ga ba ta da kaya, ya hana birkin baya ƙarhi. Ka gangaro da nauyin da ya kusa tan biyu, shanu su gitta, ka taka, tayun gaba kaɗai ka aiki. Ka sa mota ta yi ma birkinta ƙarya."

Wallahi da na ji haka sai da tsigar jikina ta tashi. Baba ya ci gaba da cewa ko an gyara sandar ta dace da sabon tsawon, ƙarin falle ba ya ƙara wa aksul kauri, ba ya ƙara wa boris ƙarfi, ba ya ƙara wa taya juriya, ba ya faɗaɗa birki. Nauyin da sifirin ya ƙi lanƙwasawa ya sha, casis yake miƙa wa, shi ya sa za ka ga irin waɗannan motoci casis ɗinsu ya tsage a bayan kan mota an yi masa faci da walda. Dogon shakul kuwa ya ce wajen rabin tsawon da aka ƙara masa ne kawai motar ke tashi, sannan ya karkatar da aksul ya ɓata zaman farfela, ta riƙa kaɗawa tana cin kanta. Ya ce irin wannan mota an ƙera ta ne don nauyin da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhu 10 na kilo 100, kuma direba da yaron mota su ma nauyi ne.

Na tambaye shi, "Baba, ba za a yi wa fallen da ya tsage walda ba, a kai sauran wurin maƙeri ya gasa su ya mayar musu da lanƙwasa? Kuɗin hannuna ba su da yawa." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗiyata, ƙarhen sihirin an yi mashi wani horo da wuta tun daga inda anka ƙera shi. In wuta ta sake taɓa shi horon ya tahi, ya koma kamar sauran ƙarhe. Kwana kaɗan za ya kwanta, ko ya karye inda ba gari." Ya ƙara da cewa sifirin kamar takalmi ne, ba a sayen ƙafa ɗaya, in aka sa sabo a dama aka bar gajiyayye a hagu motar za ta koma karkata ɗaya gefen.

Wannan magana ta karyewa inda ba gari ita ta yanke mani shawara. Duk mai ɗan uwa a kan hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ya san abin da ake nufi da mota ta mutu da la'asar sakaliya a tsakiyar daji a shekarun nan. A da in mota ta lalace asarar wuni ce da kuɗin makanike. Yanzu abin da ake tsoro ya wuce haka nesa ba kusa ba, mun ga gidajen da aka sayar da gona da shanu don a karɓo mutum ɗaya. Na ce Baba a yi yadda ka ce.

Muka shiga shagunan da ke kusa. Kayan can iri-iri ne, akwai sabo dal, akwai na hannu da ake kira beljiyam wanda ake kawowa daga kasuwar Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano, akwai kuma wanda ya gama aiki aka shafe shi da baƙin fenti ya yi kamar sabo. Baba bai yarda da fenti ba. Duk ɗaurin da aka ɗauko sai ya ja zare daga ido zuwa ido, ya auna zurfin lanƙwasar daga zaren zuwa tsakiya, ya ƙirga fallayen, ya duba kaurinsu. Sai da aka sauke ɗauri shida kafin ya sami biyu da awonsu ya zo ɗaya, masu yawan fallayen da motar ta zo da su tun asali. Ya sa muka sayi sababbin yu-bol, ya ce wanda aka taɓa ɗaurewa ya riga ya miƙe, ba ya sake riƙewa kamar da. Muka haɗa da robobin idon sifirin, da robar tarewa guda biyu, da shokasoba biyu, domin na ciki sun zubar da mansu. Ya ce in sani shokasoba ba ya ɗaukar kaya kuma ba ya ɗaga mota, aikinsa hana ta tsalle ne bayan ta faɗa rami.

Wuni guda na yi a kan bencin nan, a nan na yi azahar da la'asar a gidan wata baiwar Allah da ke maƙwabtaka da garejin. Na ga an ɗaga motar an tokare casis da ƙarafa masu ƙafa uku, Baba ya hana kowa shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai. Da aka zo ɗora sabon sifirin ya tsaya da kansa sai da kan santa-bol ya faɗa ramin da aka yi masa a mazaunin aksul. Ya ce in bai faɗa ba aka ɗaure haka, aksul zai goce, motar ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa, tana cin taya. Notocin yu-bol kuma ba a ɗaure ɗaya har ƙarshe a koma ɗaya, kaɗan-kaɗan ake bi a gicciye, wannan kusurwa sannan waccan, har su zo daidai, sannan ya gama su da wata doguwar sifana mai yin ƙas in noti ya kai ƙima.

Wani ƙaramin yaronsa ya ɗauki sifana zai ƙulle ƙusoshin shakul motar na sama, Baba ya daka masa tsawa. Ya ce waɗannan da na idon gaba ba a gama ɗaure su sai an sauke mota ta zauna da nauyinta a ƙasa. In aka ƙulle su tana rataye, da an sauke ta robar cikin za ta murɗe ta zauna a murɗe, ba ta daɗewa ta yage, kuma motar za ta nuna tsawon da ba nata ba.

Da aka gama baya aka koma gaba. Irin motarmu a gaba wata doguwar sandar ƙarfe ce a kowane gefe take riƙe nauyi ta hanyar murɗuwa, kamar yadda muke matse wanki, makanikai na ce mata toshan-ba. A ƙarshenta akwai ƙusar da in an ɗaure gaban ya tashi, in an sassauta ya sauka. Ƙanena ya ce a ɗaure sosai gaban ya tashi ta yi kwarjini. Baba ya ce in aka wuce ƙima tayar ba ta da sauran wurin sauka in ta tarar da rami, motar ta yi tauri, gaɓoɓin ƙafar gaba su cinye da wuri. Ya ɗaga gaban, ya ɗan juya ƙusar, ya sauke, ya sa aka zagaya da motar layin aka dawo, ya auna. Sau uku yana haka kafin hagu da dama su zo ɗaya. Washegari aka kai ta aka daidaita tayoyin gaba, tunda duk lokacin da tsawon gaba ya sauya, tsayuwar taya ma ta sauya. Aka duba sandar mai raba birki, aka haska fitilu a jikin bango aka saita su.

Abu na ƙarshe da Baba ya yi shi ne wanda na fi so in ba ku labari. Wani mai sayar da siminti a layin yana da kayan da za a kai masa wani gini, Baba ya ce a ba motarmu. Buhun siminti kilo 50 ne ba ya ƙarya, aka ɗora 20, tan ɗaya ke nan, aka jera su daga jikin kan mota zuwa kan aksul, ba a tara su a wutsiya ba. Motar ta sauka ta zauna daram, gaba da baya daidai, da sauran fili tsakanin aksul da robar tarewa. Sai ya aika aka samo karan dawa mai ƙwari, ya kafa shi a tsakiyar wilin baya, ya yanke shi daidai leɓen madigadi, ya miƙa wa ƙanena. Ya ce, "Buhun ƙauye ba shi da gaskiya, wani an cusa shi har an ɗinka mashi ƙari a baki. Bar ƙirga buhu. In an gama lodi ka sa wanga kara. In ya shiga, bisimilla. In bai shiga ba, a sauke buhu guda, ko na wane ne."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Ƙanena ya yi fushi da ni na kusan mako biyu, yana kawo kuɗi ya ajiye a kan firji ya fita ba tare da ya zauna ba. A tasha aka sa masa suna direba mai kara. Kuɗin shiga kuma ya ragu, wannan gaskiya ce, zangon karatun da ya biyo baya sai da na sayar da 'yan kunnena na cika kuɗin makarantar babban ɗana. Sai da Innarmu ta kira mu ta zaunar, ta ce masa, "Kai kake ganin buhu takwas da ka bari a ƙasa, ita yayarka kai take gani." Bai ce komai ba, amma daren nan ya ci tuwo a gidana.

Daga baya muka zauna muka sake tsarin aikin. Bunguɗu kusa ce, sai ya riƙa yin sawu biyu ko uku a wuni maimakon lodi ɗaya mai kisa. In zai je Tsafe ba ya tafiya fanko, yakan ɗauki taki ko kayan shago ya dawo da hatsi, kuma ya bar can da wuri rana na sama. Bayan mako guda ya mayar da motar gareji kamar yadda aka umarce shi, aka sake bin notocin yu-bol, ya dawo yana gaya mani da mamaki cewa kowanne sai da ya ƙara karɓar ɗauri, domin sababbin fallaye sukan zauna bayan sun ɗan yi aiki. Da kansa kuma ya ce sitiyarin ya daina yi masa sakayau, ashe da can nauyin wutsiya ne ke ɗage tayoyin gaba. Karan farko ya karye tuntuni, ya sa mai walda ya yanka masa rodi daidai tsawonsa, yana nan bayan kujera.

Ban ce masu ƙara falle mugaye ba ne. Na san tsadar mai, na san kuɗin da ake tatsa a hanya, na san maigidan mota da ke jiran balas ko an samu ko ba a samu ba. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, kuma lodin wuce ƙima laifi ne a wurinta, amma jami'i ba ya bin direba har gangare. Wanda zai iya hanawa shi ne mai motar da ke karɓar kuɗi da yamma, da kuma na gida da ake jin nauyinsu.

Saboda haka 'yar uwa, in mijinki ko ɗanki ko ƙanenki yana jan a-kori-kura, wata rana ki leƙa ki dube ta. In babu kaya, bayanta ya ɗan fi gabanta tashi? Ta karkata gefe ɗaya? In an yi lodi, hancinta sama yake kallo? In kuwa kika ga an tula mata kaya har sun fi kan mota tsawo amma bayanta ko gezau, wannan ta fi wadda ta sauka ban tsoro, ki tambayi falle nawa aka ƙara mata. Mai mota kuma da ke zaune a inuwa yana jiran balas, ya tuna in ya ƙayyade wa direba kuɗin da buhu 10 ba za su kawo ba, shi ya yi lodin ko da bai taɓa buhu ba.

Allah ya tsare mana matafiyanmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a wani karon in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, daga Gusau.